Zangon bazara a makarantar PA: tambayoyin da kuke yawan yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk shekara da watan Afrilu ya kama sai saƙonni su fara shigo min, wasu yaranmu ne da suka samu admishan a makarantar PA (physician assistant, wato mataimakin likita) a nan Amurka suna shirin farawa, wasu iyaye ne ko mazaje da hankalinsu bai kwanta ba, wasu kuma sai tsakiyar Yuni suke nemana lokacin da ruwa ya riga ya kai musu wuya. Ni na fara nawa karatun a ƙarshen Mayu 2017, kuma har yau in naji warin fomalin, maganin da ake adana gawa da shi, sai gabana ya ɗan faɗi. Shi yasa na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su wuri ɗaya. Tsarin kowace makaranta daban ne, inda nace "a makarantarmu" to namu nake faɗa, ku duba littafin dokokin taku.

Anti wai menene PA ɗin nan, likita ne ko nas?

Ba ɗaya daga ciki. Da Hausa muna cewa mataimakin likita, amma kar sunan ya ruɗe ki kiyi zaton mai miƙa wa likita almakashi ne. PA yana ganin mara lafiya da kansa, ya duba shi, ya tura shi gwaji, ya faɗi ciwon, ya rubuta magani, ya yi ɗinki, ya taimaka a tiyata, duk da haɗin gwiwar likita. An faro abin ne a Jami'ar Duke da ke North Carolina a 1965, wani likita Eugene Stead ya ɗauko tsofaffin ma'aikatan lafiya na sojan ruwa ya horar da su saboda ƙarancin likitoci, 'yan ajin farko suka fita ran 6 ga Oktoba 1967. Yanzu digiri na biyu ne, yawanci wata 24 zuwa 27, kashi na farko a aji, na biyu a asibitoci ana zagayawa sashe-sashe, wajen awa 2,000.

'Yan uwanmu na zango a Ghana sun san aikin nan sarai, don su ma suna da PA, kwalejin Kintampo ta daɗe tana yaye su. A Najeriya babu shi, wanda ya ɗan yi kama shi ne CHO, wato jami'in kiwon lafiyar al'umma. Kuma ko ka zo da digirin likita na MBBS daga gida, in PA kake so ka zama a Amurka sai ka shiga makarantar da hukumar ARC-PA ta amince da ita ka yi daga farko, zangon bazarar nan da nake magana har da kai.

Me yasa kowa ke jin tsoron zangon bazara, ba hutu ake yi ba lokacin?

Sauran ɗaliban jami'a ne ke hutu. Makarantun PA da yawa lokacin suke ɗaukar sabon aji, ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, daidai lokacin da a gida damina ke sauka ana shuka. Samista ta yau da kullum sati 15 ko 16 ce, ta bazara kuwa sati 10 zuwa 12 ce, amma ba a rage karatun ba, matse shi aka yi. Mu sati 11 muka yi, a ciki aka haɗa mana anatomi, wato sanin sassan jikin mutum, gaba ɗaya daga kai har ƙafa da fiɗar gawa, ga fisiyoloji wato yadda sassan jiki ke aiki, ga koyon yadda ake tambayar mara lafiya tarihin ciwonsa da duba jiki, ga wani kwas kan ɗa'ar aiki. Abin da a digirin farko za a yi wata guda ana jan shi, nan kwana uku ne an wuce, Litinin kuna kafaɗa Alhamis kun kai tafin hannu, sati mai zuwa jarabawa.

Abin da ya fi cin mutane kuma shi ne babu kari-oba. Ajin gaba ɗaya tare yake tafiya, kwas ɗin bana sai baɗi za a sake koyar da shi, kuma na gaba a kansa aka ɗora shi. Kaga kenan wanda ya saba da tsarin "in na faɗi na sake rubutawa a lebul na gaba" dole ya sauke wannan tunanin tun a bakin ƙofa.

Yaya ranar ɗalibi take tafiya?

Namu lakca 8 na safe zuwa 12, hutun awa ɗaya, lab ɗin anatomi 1 zuwa 4 ko 5 sau uku a sati, sauran ranakun kuma koyon duba jiki. In ka koma gida sai ka sake zama awa 3 zuwa 4. Asabar cikakkiyar ranar karatu ce, Lahadi rabi. Hutun da ake samu na gwamnati ne kawai, 19 ga Yuni da 4 ga Yuli, su ma yawanci akwai jarabawa tana jiranka a bayansu.

Yaya, ni fa da sakamako mai kyau na fito, na saba TDB, wato kwana karatu har gari ya waye, ana gobe jarabawa kuma yana min aiki. Me zai hana ya yi a nan?

Ƙanena kowa a ajin nan da sakamako mai kyau ya fito, in ba haka ba da ba a ɗauke shi ba. TDB yana aiki ne in handawut ɗin shafi 40 ne kuma jarabawar sau ɗaya ce a ƙarshen samista. Nan silaid 80 zuwa 100 za a watsa maka a lakca ɗaya, lakca uku ko huɗu a rana, jarabawa kusan duk sati, wani satin biyu. Dare ɗaya ba zai ɗauka ba, kuma ko ya ɗauka, abin da ka cusa daren Lahadi ya zube kafin Laraba, alhali kana buƙatarsa a zangon gaba da na gaban sa har ranar da za ka tsaya a kan mara lafiya.

Hanyar da ta cece ni ba baƙuwa bace a wajenmu, ta makarantar allo ce. Malam ba ya barinka ka wanke allo don ka ce ka karanta sau goma, sai ka kife shi ka biya da ka. To haka za ka yi wa anatomi. Akwai wani tarin jijiyoyi da ke fitowa daga wuya, daga wajen ƙashin wuya na biyar (C5) zuwa ƙashin baya na farko (T1), su ratsa hammata su sauka hannu, ana ce masa birakiyal fileksus, saiwa 5 ce ke haɗuwa ta zama 3, ta rabu 6, ta sake haɗuwa 3, sannan ta fitar da manyan rassa 5. Na yi kwana biyu ina kallon hoton a littafi ina shafa masa kala, in na rufe littafin ba komai a kaina. Sai na sayi ɗan farin allo na dala 10 na jingine a jikin firij, kullum da asuba bayan sallah in zana shi da ka, in buɗe littafi in ga inda na yi kuskure, in goge, in sake. Rana ta huɗu ina zana shi cikin minti ɗaya da rabi, kuma yau shekaru bayan nan in mutum ya zo min hannunsa ya saki ba ya iya ɗaga wuyan hannu, zanen nan ne ke fito min a ido.

Masu bincike ma abin da suka gano kenan. A 2006 Roediger da Karpicke sun gwada ɗalibai, waɗanda suka rufe takarda suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙewa bayan sati ɗaya. Shi kuma Ebbinghaus tun 1885 ya nuna yawancin mantuwa a farko-farko take faruwa. Manhajar Anki da za ka ga kowa na dannawa a kan wannan aka gina ta, tana dawo maka da kati daidai lokacin da ka kusa mantawa, muraja'a ce kawai aka sa wa kwamfuta. Amma ka kiyaye, na ga waɗanda suka ɓata awa huɗu kullum suna ƙirƙirar kati masu kyau ba su samu lokacin bitarsu ba. Ku raba aikin a gurup, kowa ya ɗau lakca ɗaya.

Doka ɗaya da ban taɓa yarda na karya ba bayan sati na uku: karatun yau a yau. Ko sama-sama ne, kar ka kwanta ba ka bi lakcocin ranar ba. Bashin kwana ɗaya ana biyansa ran Asabar, na kwana huɗu kuwa sai dai ya bi ka har ɗakin jarabawa.

Gaskiya ni gawar nake tsoro. Kuma ya halatta ma a addini?

Tsoron ba abin kunya bane. Mu da muka taso ana rasuwa da safe kafin azahar an kai mutum makwancinsa, mata ma ko maƙabarta ba ma zuwa, a ce yau ga gawa a gabanki a kan tebur na ƙarfe za ki yi wata biyu da rabi tare da ita, dole jiki ya yi sanyi. Ranar farko da aka zuge jakar, mu biyar ne a teburinmu, tsohuwa ce, an naɗe mata fuska da hannaye da ƙyalle mai danshi, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne tabon tsohuwar tiyata a gwiwarta, nan take na tuna kakata. Na fita waje na jingina da bango na yi minti biyar ina salati, na dawo. Ba wanda ya ce min komai, don ba ni kaɗai na fita ba. Kafin sati biyu hannu ya saba, amma ni ban so zuciyata ta saba gaba ɗaya ba, kullum in mun gama ni nake rufe ta da kyau, duk wajen da ba ma aiki a kai a rufe yake.

Maganar addini, hadisin Nana A'isha da Abu Dawud ya ruwaito cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, shi ne asalin da yasa malamai suka tsaurara. Amma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a zamanta na 1408 Hijira wato 1987, ta halatta fiɗar gawa don koyon likitanci da sharuɗɗa, ciki har da izinin mamacin kafin ya rasu ko na magadansa, da tsayawa iya buƙata ba tare da wasa da gawar ba. A nan Amurka gawarwakin na mutanen da suka yi rajista ne suka ba da jikinsu don a koya, kuma makarantu da yawa suna taron girmama su a ƙarshe har da iyalansu. Ɗaukar hoto a lab ɗin haramun ne a dokar makaranta, ana korar mutum a kai.

Na zahiri kuma: ki ware kaya biyu da takalmi ɗaya rufaffe na lab kaɗai, da hijabi ƙarami na auduga wanda za ki cusa cikin riga don kar ya taɓa tebur, ki sa su a leda daban, kar ki haɗa wankinsu da na gida. Safar hannu biyu-biyu. Ki ci abinci kafin ki shiga in ba azumi kike ba, masu faɗuwa yawanci da yunwa suka shigo. In kina da juna biyu ko asma ki faɗa tun kafin a fara saboda fomalin.

Ya firatikal ɗin anatomi yake?

Ana jera tebura, kowanne an soka fil ko an ɗaura zare a wani abu, tambaya ɗaya ce, menene wannan, wani lokacin kuma me yake yi ko wace jijiya ce ke motsa shi. Minti ɗaya ake ba ka, ƙararrawa ta kaɗa ka matsa gaba, babu dawowa. Sirrin shi ne kar ka tsaya a gawar teburinku kaɗai. A littafi jijiyar jini ja ce, ta saƙo ruwan ɗorawa, a jiki kuwa duk kala ɗaya ne, kuma jikin wani ba kamar na wani ba. Ka dinga zagaya teburan mutane da yamma in lab a buɗe yake, ku biyu ko uku, ɗaya ya nuna ɗaya ya faɗa. In ka iso tebur ka rasa gane abin, ka fara gano ina ne sama ina ne ƙasa, dama ne ko hagu, ka rubuta wani abu ka wuce, kar ka tafi da ita a ranka zuwa tebur na gaba.

Anti na faɗi jarabawar farko. Ban faɗa wa kowa ba, ko mamana. Me zan yi?

Ƙanwata in duk abin da na rubuta a shafin nan za ki manta, wannan ki riƙe. Gobe da safe ki tura wa malamin kwas ɗin da adbaizarki imel, layi uku ya isa, ki ce kin ga makinki, kina son ki zauna da su a duba takardar tare. Kar ki jira ta biyu.

Ni 61 na ci a jarabawar anatomi ta farko, makin wucewa a makarantarmu 75 ne. Ina azumi, ina barcin awa huɗu, ina karatu fiye da kowa a ganina. Na ga makin a waya a cikin mota a fakin, na yi kuka mai isata, na goge fuska na shiga aji ina murmushi, duk wanda ya tambaye ni sai ince alhamdulillah. Kwana tara na yi a haka. Tarbiyyarmu ce, an koya mana haƙuri da kawaici da rufin asiri, ba a kai kuka wajen babba, ba a nuna gazawa a gaban baƙi, balle kuma ke kaɗai ce mai hijabi a ajin kina jin kamar in kin faɗi duk musulmi da baƙar fata ne suka faɗi. Waɗannan halaye ne masu kyau a muhallinsu. A wannan wajen kuwa zurfin ciki shi ke kai mutum ƙasa, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Da adbaizata ta kira ni da kanta, ta ɗauko takardar muka bi tambaya ɗaya bayan ɗaya, cikin minti 40 ta nuna min abin da ni ban gani ba: duk tambayar da ta ce "menene sunan wannan" na ci, duk wadda ta ce "mutum ya faɗi a kan kafaɗa yanzu ba ya iya kaza, me ya lalace" na faɗi. Wato hadda nake yi ba tare da haɗa abu da aikinsa ba. Ta haɗa ni da wata 'yar ajin gabanmu tana min bita awa biyu duk Asabar kyauta. Ta biyu na ci 79. Kwana taran nan da na ɓata ina ɓoyewa, da na je tun ranar farko da sun zama kwana tara na gyara, kuma a zangon sati 11 kwana tara ba ƙaramin abu bane.

Ki sani su ma makarantar ba sa son ki fita, adadin waɗanda suka bar karatu abu ne da suke wallafawa kuma hukuma na dubawa. Yawanci akwai matakai, a ba ki damar gyara ko risit, in abin ya ci gaba a sa ki a jerin waɗanda ake sa wa ido, in ya ƙi a mayar da ke ki bi ajin baya, kora ita ce ta ƙarshe. Wanda ya zo da wuri ƙofofin duka a buɗe suke gare shi. Wanda ya ɓoye har sati na tara, lissafin maki ne kawai ya rage, malami ko yana sonki ba abin da zai iya.

Mama kuma ki faɗa mata. Addu'arta kike buƙata yanzu, kuma za ki ji nauyin ya ragu da rabi.

Awa nawa kike barci? Kofi da abin ƙara kuzari fa?

Bayan faɗuwar nan na mayar da shi 6 da rabi zuwa 7, kuma makina hawa ya yi duk da na rage awannin karatu. Cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta, in ka yanke shi kamar ka ɗebo ruwa ne a kwando. Kofi ba laifi, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta ce har miligiram 400 na kafeyin a rana ba matsala ga babba mai lafiya, amma yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka na la'asar yana nan tare da kai har sha ɗayan dare. Ni daga 2 na rana na daina.

Za a samu wanda zai miƙo maka ƙwayar Adderall ya ce tana sa karatu ya zauna. Kar ka karɓa. Magani ne da doka ta tsare, shan sa ba da takardar likita ba laifi ne, makarantu da asibitoci suna gwajin fitsari, kuma kai lasisin rubuta magani kake nema. In kana ganin kana da matsalar tattara hankali ta gaske, ka ga likita, ka je ofishin masu buƙata ta musamman, doka ta ba ka damar neman ƙarin lokaci a jarabawa.

Sallah da azumi da Juma'a fa, ya ake haɗa su da wannan taimtebul?

Azahar da la'asar ba su da wuya, a yankin New York a watan Yuni azahar na shiga wajen 1, la'asar sai kusan 5, magariba 8 da rabi. Wahalar tana dare ne, isha'i bayan 10, asuba kafin 4. Ni abin da na yi shi ne ina idar da isha'i sai gado, in tashi asuba, in yi zanen allona minti 20, in koma har 6 da rabi, da rana kuma in ɗan kishingiɗa minti 20 a mota.

A shekararmu azumi ya kama 27 ga Mayu, kwana uku kafin mu fara, muna kai awa 16 da wani abu, aka yi Sallah ran Lahadi 25 ga Yuni, Litinin ina da jarabawa. Na je idi da katunan bita a jaka, na ci tuwon Sallah a gidan wata baiwar Allah 'yar Nijar da ta riƙe ni kamar 'yarta, ƙarfe 2 na koma karatu. Ku yanzu Allah ya sauƙaƙa muku, azumi ya koma wajen Fabrairu da Maris, amma Babbar Sallah ta 2023 da 2024 da 2025 duk a watan Yuni ta faɗo. Ka rubuta wa shugaban shirin tun satin farko, ka ba shi ranar da ake sa ran Sallah, ka ce za ta iya motsawa da kwana ɗaya, haka ma Juma'a in lab ya ci karo da ita ka nemi a canza maka gurup. In ka nema da wuri a rubuce yawanci ana yi. Wanda ya zo ana gobe shi ke shan wuya.

Abinci?

Lahadi da yamma ki dafa na sati. Ni tukunyar shinkafa da wake, miyar tumatir da kaza, dafaffen ƙwai, in zuba a robobi goma, biyar a firij biyar a firiza. Dabino da gyaɗa a jaka kullum, da gorar ruwa. Yaji kuma ki taho da shi daga gida, ranar da komai ya fita a ranki shi zai sa ki ci.

Zan iya ci gaba da aikina ko na Uber da daddare? Kuɗin fa?

A zangon bazara a'a. Makarantu da yawa suna hanawa ko su gargaɗe ka a rubuce, kuma ko ba su hana ba lokacin babu shi. Na san da ciwo, musamman ga wanda ya saba tura wa gida duk wata. Ka zauna da su tun kafin ka fara ka faɗa musu gaskiya, wata 27 hannunka zai yi sanyi, ka tara abin da za ka iya, in akwai ɗan uwa da zai riƙe gidan na wannan lokacin ku yi magana a fili.

Mai takardar zama ko ɗan ƙasa yana iya cin bashin gwamnatin tarayya, wanda aka saba shi ne dala 20,500 a shekara, sauran a cike da wani bashin gwamnatin da ake kira Grad PLUS, amma dokar da aka sa wa hannu a Yuli 2025 ta rufe Grad PLUS ga sababbin masu nema daga 1 ga Yuli 2026, don haka ka je ofishin tallafin kuɗi na makarantarku ka ji abin da ya shafe ka. Bashin akwai ruwa a kansa, wannan magana ce da ya kamata ka zauna da malamin da ka yarda da shi tun kafin ka sa hannu. Ɗan ƙasa yana iya neman sikolashif ɗin NHSC, suna biyan kuɗin makaranta da alawus duk wata, kai kuma ka yi musu aiki aƙalla shekara 2 a inda ake ƙarancin ma'aikatan lafiya. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya samun bashin tarayya, aikinsa kuma awa 20 ne a sati a cikin makaranta.

Hajiya, matata ce za ta fara, muna da yara biyu. Me ya kamata in yi?

Alhaji Allah ya saka da alheri da ka tambaya, ba kowa ke tambaya ba. Ka ɗauka sati 11 ɗin nan tafiya ta yi duk da tana kwana a gida. Kai da kai yara, wanka, abincin dare, wanki, ka ɗauke su ko ka nemo wanda zai taya, in da hali a ɗauko mama ko ƙanwa. Baƙi su haƙura sai Agusta. Biki da suna ka je ka wakilce ta, in dangi sun fara cewa ta canza ko boko ya ɗauke ta, kai ne za ka tare mata, don maganarka ta fi tata shiga a wajensu. Wayar gida ma a yi mata tsari, tsakanin New York da Najeriya ko Nijar awa 5 ne a bazara, Ghana 4, Lahadi ƙarfe 10 na safe a nan 3 na yamma ce a Kano, a tsayar da wannan lokacin kowa ya sani. Za kuma ta nemi ta gwada awon jini da duba ido da kunne a jikinka sau ba adadi, ka miƙa hannu. In ka ga ta yi shiru da yawa kar ka tsaya a "lafiya?" don lafiya lau za ta ce, ka tambaye ta nawa ta ci a ta ƙarshe, kuma ta je ta ga malamin ko ba ta je ba.

Ya zan gane gajiya ce kawai ko abin ya wuce haka?

Gajiya in ka samu barci mai kyau da rabin rana ba karatu tana sauka. In kuwa ka kai sati biyu kullum ranka a ɓace, abin da kake so da ya fita a kanka, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ya ƙi shiga, kana karanta layi ɗaya sau biyar, kana ganin kai ba komai bane, to wannan alamun ciwon damuwa ne, kuma su ne ainihin tambayoyin da za a koya maka ka yi wa marasa lafiya. Ba raunin imani bane. Ka yi addu'a ka kuma je ofishin masu ba da shawara na makaranta, yawanci kyauta ne, kuma abin da ka faɗa ba ya zuwa wajen malamanka. In tunanin cutar da kanka ya zo, ka kira ko ka tura saƙo 988, layin agaji ne na masu irin wannan hali, yana aiki dare da rana tun Yuli 2022, sannan ka faɗa wa mutum ɗaya na kusa da kai a daren.

In fara shirin PANCE tun yanzu?

A'a. Jarabawar ƙarshe ce ta hukumar NCCPA mai ba da shaidar zama PA, tambaya 300 cikin awa 5, kashi biyar kowanne 60, sai ka gama makaranta ake rubuta ta. Jarabawar ran Litinin ita ce taka yanzu.

Saura wata ɗaya in fara, me zan karanta?

Kaɗan. Sunayen ƙasusuwa 206 da manyan tsokoki, jijiyoyin kai guda 12, da kalmomin kwatance irin sama da ƙasa, gaba da baya, kusa da nesa, don kar yaren ya zame maka baƙo a satin farko. Rabin awa a rana ya wadatar. Sauran lokacin ka kashe shi wajen share hanya: ka gama alluran rigakafi da takardun da makaranta ta nema, ka kai mota gareji, ka ga likitan haƙori, ka canza gilashin ido in ya tsufa, ka sa biyan haya da wuta ya dinga fita da kansa, ka nemi ɗaki kusa da makaranta ko da ya fi tsada kaɗan, tafiyar awa ɗaya zuwa awa ɗaya dawowa awa 10 ce a sati. Ka gano masallaci mafi kusa da shagon naman halal tun kafin ranar farko. Ka nemi lambar mutum ɗaya a ajin da ke gabanku, ka tambaye shi wane malami ne ke fitar da tambaya daga silaid, wane ne daga littafi. Sannan ka je ka gaida iyaye ka zauna da su sosai, ka nemi albarka, ka faɗa musu sai tsakiyar Agusta za su sake jin ka yadda suka saba.